Yadda Na Rufe Ciwon Bappa Njidda Da Amshi

Da sunan Allah nake farawa. Sunana Buba, ina wankin hula a Jimeta, kuma shekara ashirin da shida na yi ina amshi a bayan Bappa Njidda mai molo, mutumin Mbamba. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin manya na koyi rubutu, don haka a yi haƙuri da hannuna. Na rubuta wannan ne saboda masu ci da muryarsu, mawaƙa da ladanai da malaman makaranta da masu kiran fasinja a tasha. Na kuma rubuta saboda waɗanda suke tsaye kusa da su, irina, domin mu ne muke fara ji.

Bappa ba ɗan'uwan ubana ba ne na jini, haka dai duk Yola take kiransa. A zamaninsa ba a babban biki ba shi, kaset ɗinsa yana tashi a shagunan kasuwa tun daga safe. Da waƙar fiyano ta shigo sai kira ya ragu, daga baya ya tsaya. Kusan shekara goma ya yi yana noman shinkafa a fadamar Mbamba, molo yana rataye cikin buhu. Bukar, mai kaɗa mana ƙwarya, ya koma sayar da turaren wuta, ni kuma na riƙe hulunana.

Sai masu hali suka fito da ranar Fulani a bikinsu. Amarya da ƙawayenta su sa kayan saƙi, a jera ƙore da fura da nono, a nemo tsohon mawaƙi ya zauna a tabarma saboda hoto ya yi kyau. A nan aka tuna da Bappa, ya riga ya haura sittin da biyar. Ranar da aka fara kiranmu ya ce mini, "Da ana kirana don a ji ni, yanzu don a gan ni. Ba komai, ɗauko molon." Amma waɗanda suka zo kallo sai suka tsaya saurare, domin waƙarsa ta canja a gona. Ya daina wasa masu kuɗi. Ya yi waƙar kogin Binuwai, ya yi ta abokansa da suka riga shi, ya yi ta tsohon sa, bijimin da aka daina huɗa da shi. Na sha ganin dattijai suna juya fuska suna share ido. Shekara uku muna cikin wannan, kusan kowane mako da inda za mu. Duk wanda ya taɓa zama shekara goma ba a neme shi ba zai gane yadda muka riƙe wannan dawowar.

Dole in bayyana aikin ɗan amshi, in ba haka ba ba za a gane laifina ba. Ba maimaita baiti kaɗai muke yi ba. Idan numfashin maigida ya ƙare a tsakiyar baiti, ko tari ya taso masa, kai za ka ɗauki ragowar ka kai ƙarshe, da murya mai kama da tasa, yadda ba wanda zai lura. Bappa da kansa ya koya mini alamar: zai ɗan ɗaga wuyan molo sama. In na ga haka, baitin ya zama nawa. A da sau ɗaya ne ko biyu a biki guda. Kuma a sana'armu ba a faɗa cewa muryar mawaƙi ta dushe. In maganar ta fita, kafin mako ta gama gari, masu biki sun nemi wani.

Dushewar ta fara ne a ƙarshen damina, bayan wani biki a Girei da ruwa ya same mu a hanya. Kowa ya ce mura ce. Matarsa, Dada Mairama, ta dafa masa citta da kanumfari ta sa zuma. Mako biyu ya wuce, uku ya wuce. Da safe muryar kamar ana jan buhu a ƙasa, da rana ta ɗan saki. Babu zazzaɓi, babu raɗaɗi, yana cin tuwonsa, yana zuwa gona. Rashin ciwon ne ya ruɗe mu.

Bukar Babarbare ne, kuma tsakaninsa da Bappa wasan nan ne na Fulani da Barebari, baƙo yakan ɗauka faɗa suke. Ya ce, "Fulata, sigarin da ka sha shekara talatin ne ya zo gaisuwa."

Bappa ya ce, "Na bar sigari tun kafin ka koyi wanka, Babarbare."

Aka yi dariya, maganar ta wuce a haka.

Shawara kuwa ba irin wadda ba mu ji ba. Kawunsa ya ce man shanu da sassafe kafin a ci komai. Mai kemis ya ba da ƙwayoyi masu ja da baƙi na kwana biyar, da suka ƙare ya sake ba da wasu. Wani maƙwabci ya ce sammu ne, yaran zamani ne suka ga tsoho ya dawo yana ƙwace musu biki, aka yi rubutu aka sha. Ba na zagin kowa a cikinsu, da zuciya ɗaya suka faɗa. Amma kowace shawara tana zuwa da nata makon jira, a ce bari mu ga yadda wannan zai yi.

A wata na uku wuyan molo ya fara tashi kusan kowane baiti biyu. A wata na shida rabin kowane baiti ni nake yi. Na koyi dabara. Kafin a fara sai in ja makirufonsa baya kaɗan, in matso da nawa, in ce wa mai kayan sauti Bappa ba ya son ƙara. Na koyi shiga cikin muryarsa tun kafin ta yanke, yadda ko Bukar da yake gefenmu sai ya dube ni kafin ya san wa yake yi. Mutane suna cewa tsohon nan muryarsa ba ta tsufa. Ni kuma ina jin daɗi. Abin da ya fi ci mini rai ke nan yau. Ba tsoro kawai nake ji ba a lokacin, alfahari nake yi da gwanintata.

Wata rana na kai masa huluna Mbamba, Dada ta tare ni a zaure. Ita ba ta zuwa wurin biki, ba ta taɓa zuwa ba.

Ta ce, "Buba, a gida muryar Bappanka ba ta fita. A wajen waƙa fa?"

Na ce, "Lafiya lau, Dada. Da ya ɗauki molo sai ta buɗe. Haka muryar tsofaffin mawaƙa take."

Ta ce, "To alhamdulillahi. Da na ce a je asibiti."

Ta koma ciki hankalinta kwance, saboda ni ne na faɗa.

Abin da ya tona mu shi ne burin Bappa na ɗaukar sababbin waƙoƙinsa guda tara, kada su tafi tare da shi. Aka nuna mana ɗakin ɗaukar waƙa na wani Yohanna a Demsawo, sa'ana ne a shekaru, mutumin wajen Numan, yana ɗaukar mawaƙan coci da na biki. Muka je mu uku da hantsi, Bappa ya sa babbar rigarsa kamar za shi ɗaurin aure.

Yohanna ya ce, "Baba, a nan ba a haɗa murya. Kai za ka shiga kai kaɗai ka sa wannan a kunne. In ka gama, masu amshi su shiga."

Na ce, "Mu ba mu saba haka ba. Tare muke yi."

Ya ce, "Oga, haka injin yake so. In kun haɗu ba zan iya gyara komai ba."

Bappa ya shiga wani ɗan ɗaki da aka manna wa soso a bango, muna ganinsa ta gilashi. Ya fara waƙar tsohon sa. Bai kai rabin baitin farko ba ya ɗaga wuyan molo. Bakina ya buɗe da kansa na ɗauka, amma ina bayan gilashi, babu makirufo a gabana. Haka ya yi ta yi har ƙarshen waƙar, yana ɗagawa, ina amsa wa bango.

Yohanna ya kunna mana abin da ya ɗauka. Molon yana nan da daɗinsa. Muryar kuwa ɗan guntun kaushi ce, sai shiru, sai wani guntun, sai shiru mai tsawo. Bappa bai taɓa jin kansa ba ni a ciki ba. Ya yi wa Yohanna alama ya sake sawa. Ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye. Bukar bai yi ba'a ba.

Yohanna ya ce, "Baba, kar ka ji haushi. Tun yaushe muryan nan yake haka?"

Bappa ya dube ni. Na ce, "Kamar wata biyu."

Bukar ya ce, "Shekara da wata biyu."

Yohanna ya kashe injin. Ya ce mamarsa tana waƙa a zumuntar mata ta coci, haka nata ya fara, su ma zuma suka yi ta ba ta. Ya ce, "Ba zan ɗauki ko baiti ɗaya ba sai na ga takardan likita. In kuna so ku zage ni, ku zage ni." Allah ya saka wa mutumin nan. Abin da ya faɗa a rana ɗaya, ni na kasa faɗa a wata goma sha huɗu.

Makon farko a asibiti layi ne. Mun bar Mbamba bayan sallar asuba, mun samu kati da hantsi, mun ga likita bayan azahar. Ya leƙa bakin Bappa da tocila, ya rubuta takarda ya ce mu kai wa likitan maƙogwaro. Ni na riƙe takardar a aljihu. Na ji kamar an ce Talata ta sama, muka dawo Talata. Matar da take kan tebur ta ce ranarmu Alhamis ce da ta wuce, ga shi a rubuce.

Ta ce, "Ba ku duba ba ne?"

Na ce, "Mun duba, karantawa ce ba mu iya ba."

Ba ta yi mana faɗa ba, da gani ita ma ta gaji. Ta ba mu wata ranar bayan mako biyu. A cikin makon nan na je na rubuta sunana a ajin manya.

A mako na huɗu muka ga likitan maƙogwaro. Mutum ne mai haƙuri, amma shi kaɗai ne, ga jama'a har baranda. Ya zura wa Bappa wani siririn bututu mai fitila ta hanci, ya nuna mana a allo. Akwai wani tsiro fari-fari a gefe ɗaya, kamar dafaffiyar shinkafa da ta manne. Mako na gaba aka yanki ɗan kaɗan daga ciki aka tura gwaji. An ce mu dawo bayan mako uku, sai da aka yi biyar. Sau biyu muna zuwa tun daga Mbamba a ce bai fito ba. A lokacin Bappa ya fara ƙwarewa da ruwa, kuma kunnensa na hagu yana masa ciwo.

Ranar da sakamako ya fito Dada ta ce da ita za a je. Likita ya ce kansa ce, ciwon daji na maƙogwaro. Ya tambayi tun yaushe muryar ta dushe.

Dada ta ce, "Ta fi shekara. Amma an ce mini tana buɗewa in yana waƙa."

Likita ya ce, "Hajiya, irin wannan ba ta buɗewa."

Dada ta juyo ta dube ni.

Maganar da likita ya yi bayan nan na riƙe ta kamar karatu. Ya ce, "Muryar da ta dushe ta wuce mako uku, ba a jira, a zo a duba. Da bara kuka zo, da murya da rai duka za mu nema masa. Yanzu rai muke nema." Ya ce sai an yi aiki an cire inda murya take fita gaba ɗaya, Bappa ya riƙa numfashi ta wata ƙofa a wuya, kuma ba zai ƙara magana kamar da ba. Ya ce kada mu wuce mako biyu.

A waje, ƙarƙashin darbejiya, Bappa ya tafi alwala. Dada ta ce, "Buba, ni ba na zuwa biki. Kai ne kunnena a can."

Na ce, "Dada, sana'ar ce haka take, ba a faɗa."

Ta ce, "To sana'ar ta zo ta yi jinyarsa."

A gida dangi suka rabu. Wasu suka ce a yi aikin, wasu suka ce wanda aka taɓa wa wuya da wuƙa ba ya tashi. Bappa ya kira ni ɗakinsa, sai da na kai kunne kusa da bakinsa nake ji. Ya ce, "Sun ce za su ba ni rai ba murya. In zauna a tabarma ina nuna abinci da yatsa." Sannan ya ce akwai alkawarin waƙa da ya ɗauka. Wani manomi a Vinikilang zai aurar da 'yarsa bayan mako uku, mutumin da ya riƙa ba shi aron shanun huɗa duk shekarun da aka manta da shi. Ya ce, "In mun yi wannan, su yanka."

Bukar ya ƙi. Ya ce, "Ni ba na kaɗa wa gawa ƙwarya, Fulata. Ka je a yi maka aiki, in ka warke ka zage ni da hannu."

Bappa ya ce a hankali, "Dama hannunka ya mutu tun bara."

Bukar bai yi dariya ba, kuma bai je ba. Ni ma da na ƙi, da zancen ya mutu, domin Bappa ba zai iya ko baiti ɗaya ba ni ba. Laifina na farko zan iya cewa ban san ciwon ba. Wannan kuwa da idona biyu, bayan na ji likita da kunnena. Ya riƙe hannuna ya ce, "Useko, Buba," wato yana roƙona, mutumin da bai taɓa roƙona komai ba. Na ce to.

A Vinikilang bayan la'asar muka zauna mu biyu. Shi yana kaɗa molo yana motsa baki, ni ina yin waƙar duka. A waƙa ta uku na ji numfashinsa ya fara fito kamar busar sarewa da ta tsage. Na gajarta waƙar, muka yi sallama a tsaye, na tari keke mai ƙafa uku. Muna tsakiyar gadar Binuwai ya damƙi rigata, idonsa ya firfito, iska ba ta shiga. Mai keken nan, ban san sunansa ba, ya bi ta cikin motoci yana ihu a ba shi hanya har ƙofar asibiti, kuma ya ƙi karɓar komai. Wata nas ta bar abincinta a buɗe ta ruga da shi ciki. Aka kira likita daga gida, ya zo da silifas. Suka huda wuyan suka sa bututu, numfashi ya dawo. Waɗannan mutane ina yi musu addu'a kullum. Amma bututun da zai zauna da shi an ce babu, mu nemo a waje, sai da na shiga kemis huɗu a Jimeta kafin na samu.

Daga ranar Bappa bai ƙara fitar da sauti ba. Da aka yi hoto likita ya ce abin ya bazu zuwa gefen wuya, aikin da ake magana a kai ya wuce. Saura gashin wurin ciwon da na'ura, a wani asibiti a gari mai nisa. Aka sayar da shinkafar da aka ajiye da ɗan bijimin gidan. Aka buga waya can, suka ce na'urar ɗaya ce, mutane sun yi yawa, suka ba mu rana bayan wata huɗu.

Bayan kwana goma sha biyu aka sallame mu. Nas ɗin nan ta koya wa Dada yadda ake zare bututun ciki a wanke da tafasasshen ruwa, sau uku ko huɗu a yini, in ba haka ba majina ta toshe shi. A rufe ƙofar wuyan da ɗan ƙyalle mai laima saboda ƙuda. Wanka daga kafaɗa zuwa ƙasa. Abinci kunu ne mai ruwa, cokali-cokali, yana zaune a miƙe. Barci ma a jingine. Dada ta yi duk wannan da hannunta, ba ta taɓa yamutsa fuska ba ko da wurin ya fara wari. Ni kuwa tsakanina da ita gaisuwa ce kawai.

Bukar ya dawo a mako na biyu, ya zo da turaren wuta mafi tsada a shagonsa, har ya zuba a kasko. Dada ta shigo da gudu ta fitar da kaskon, ta ce, "Mutum yana numfashi ta wuya ka kawo masa hayaƙi?" Bappa ya yi dariya ba sauti, kafaɗunsa suna rawa, bututun yana fito. Bukar ya ce, "Ka ga Fulata, an cire masa baki ma bai daina zagina ba."

Abin da ya fi wahalar da shi rashin magana ne. Yana karanta Alƙur'ani amma bai taɓa rubuta wasiƙa ba, ni kuma lokacin ina kan haɗa baƙi da wasali. In ya nuna abu ba a gane ba sai ya juya fuska bango. Wata rana ya nuna buhun da yake rataye, na sauko masa da molo. Ya kaɗa kiɗan waƙar Binuwai, ya tsaya, ya dube ni. Ya sake kaɗawa. Na ce, "Dada, ruwa yake so." Ya gyaɗa kai.

Daga nan muka samu hanya. Akwai tsohuwar waƙa da ya yi wa wani mai shayi, in ya kaɗa ta shayi yake so. In ya kaɗa ta tsohon sa, ya gaji, a bar shi. Akwai wadda ya yi wa wani marowaci tun yana saurayi, ita yake kaɗawa duk lokacin da Bukar ya yi sallama, ko wani ɗan'uwa ya shigo da sabuwar shawara hannu wofi. Dada ba ta san yawancin kiɗan ba, don haka kullum sai na rufe wankin hula da azahar na hau mota zuwa Mbamba. Maganar da take yi mini ɗaya ce, "Buba, me yake cewa?" In na faɗa ta tashi ta yi.

Wuyan ya ci gaba da kumbura. A wata na uku kunu ma da ƙyar yake wucewa, ya rame har zoben azurfarsa yana zamewa. Maganin raɗaɗi da aka rubuta wani lokaci a samu, wani lokaci a ce ya yanke. A lokacin ne ya fara wani kiɗa da ban sani ba. Gajere ne, yana hawa sama sai ya tsaya, ba ya saukowa. Ba ya yin sa sai Dada tana ɗakin, kuma ita yake kallo. Na bi waƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya a kaina, tun na zamanin kaset, babu shi a ciki.

Na ce, "Bappa, sabuwa ce?" Ya gyaɗa kai.

Na ce, "Wani abu kake so a kawo?" Ya girgiza kai.

Na ce, "Saƙo ne?" Ya lumshe ido, ya sake kaɗawa.

Kusan mako uku yana yin kiɗan nan, har yatsunsa suka kasa danna tsirkiya. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, damina ta yi tsakiya, saura kwana goma sha ɗaya ranar da aka ba mu ta gashi. Waƙoƙin nan tara ba a ɗauke su ba.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma an umarce mu da neman magani, ni kuma na tsaya tsakanin mutum da magani da muryata. Don haka nake roƙo, wanda muryarsa ta dushe ta ƙi komawa, kada ya ce ai ba ya jin ciwo, Bappa ma bai ji ba. Ya sha zumarsa, amma ya sha ta a kan layin asibiti. In an ba ku takarda ku nemi mai karatu tun kafin ku bar ƙofa. Wanda kuma yake rufa wa maigidansa asiri, ya duba da kyau ko asiri yake rufewa ko ciwo.

Da Dada ta fita takaba na je gaishe ta. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Muka gaisa, na yi shirin tashi kamar yadda na saba, sai ta ce in zauna.

Ta ce, "Kiɗan nan na ƙarshe. Me yake cewa?"

Amsa tana bakina a shirye. Zan iya cewa godiya yake yi mata, ko yana neman gafararta, ko yana cewa ta yi haƙuri. Na san yadda yake jera magana, da na ƙaga mata baiti a nan take da ba za ta bambance shi da nasa ba, kuma da ta ji sanyi.

Na ce, "Ban sani ba, Dada. Na tambaye shi, ban gane ba."

Ta daɗe tana tsintar tsakuwa ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Ban gama yafe maka ba, Buba. Ina ƙoƙari."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Ka riƙe kiɗan a kanka?"

Na ce, "Na riƙe."

Ta ce, "To ka riƙa zuwa kana kaɗa mini. Amma kada ka sa masa baiti."

Ina zuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Hannuna bai kai nasa ba, amma ina kai kiɗan inda yake kai shi, in tsaya inda yake tsayawa. Allah ya jiƙan Bappa Njidda, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri.